Injin gudu na gida da agogon ƙirga taku: wanne ya cancanci kuɗin mai hawan jini?

Tambaya

"Shekaruna 54, a Kano nake zaune. Ina shan maganin hawan jini, kuma a awon ƙarshe likita ya ce sugana ya fara hawa, ko da yake bai kai ga ciwo ba tukuna. Ga nauyin jiki, ga ciwon gwiwa, fita kuma ba ta cika yi mini sauƙi ba. 'Ya'yana sun haɗa kuɗi za su saya mini injin gudu na cikin ɗaki da agogon nan mai ƙirga taku da bugun zuciya. Na ga kayan nan sun cika gari a 'yan shekarun nan. Me ya kawo yawansu haka? Kuma da gaske suna aiki, ko kuɗin yaran ne zai tafi a banza?"

Amsa

Hajiya, Allah ya ƙara lafiya, ya yi wa yaran nan albarka. Ni ma'aikacin sashen gashin ƙashi da motsa jiki ne a asibiti, kuma waɗanda na fi gani su ne masu ciwon gwiwa da baya, sai masu shanyewar ɓarin jiki. Akasarin masu shanyewar nan hawan jini ne ya kai su gare mu, shi ya sa na ɗauki tambayarki da muhimmanci.

Shawarata ita ce a dakata da sayen injin gudun. A fara da na'urar awon jini mai ɗaurin damtse, da takalmin tafiya mai laushin ƙasa. Agogon, in kina so, a sayi mai sauƙin kuɗi. Ragowar kuɗin a ajiye shi wata uku. In motsa jikin ya zauna miki a cikin watannin nan, sai a yi maganar inji, kuma da irin gwiwarki keken girke, wato keken motsa jiki da ake tuƙawa a wuri ɗaya, zan zaɓa miki. Zan kawo dalilaina, amma bari in fara da asalin kayan, tunda shi kika fara tambaya, kuma saninsa zai sa ki gane abin da masu sayarwa ke nema a wajenki.

A tarihin injin gudu har da horon fursunoni. A shekarar 1818 wani injiniya ɗan Ingila, William Cubitt, ya ƙera wani ƙaton gargare mai matakai wanda 'yan kaso ke takawa na tsawon sa'o'i, wani lokaci yana niƙa hatsi ko ɗago ruwa. Sai a farkon ƙarni na 20 aka daina wannan azaba. Likitan zuciya ne ya shigo da shi asibiti: Robert Bruce na Jami'ar Washington da ke Seattle a Amurka, wanda tun a ƙarshen shekarun 1940 ya fara ɗora marasa lafiya a kan bel mai tafiya yana duba yadda zuciyarsu ke ɗaukar wahala. Tsarin gwajin da ya fitar a 1963, inda ake ƙara sauri da tudu duk bayan minti 3, har yau da shi ake aiki. A ƙarshen shekarun 1960 wani injiniya a jihar New Jersey, William Staub, ya ƙera wanda za a iya girkewa a gida.

Agogon kuwa hanyarsa daban. Kamfanin Polar na ƙasar Finland ya fitar da ma'aunin bugun zuciya marar waya a 1982, domin 'yan wasa. Fitbit ya fito da ɗan abin ƙirga takunsa a 2009, Apple Watch ya shigo kasuwa a 2015. Amma abin da ya kawo kayan nan hannun talaka wayar salula ce. Ɗan ma'aunin motsin da ke sa fuskar wayarki ta juya idan kin karkatar da ita, shi ne dai yake ƙirga taku a cikin agogo. Da aka riƙa ƙera wayoyi ɗaruruwan miliyoyi a shekara, sai farashinsa ya faɗi warwas. A 2014 kamfanin Xiaomi na Sin ya sayar da abin ɗaurawa a hannu a kan kimanin dala 13. Wannan ne ya sa yau in an shiga kasuwar waya ta Farm Centre za a tarar da agogunan Oraimo da makamantansu jere a teburi.

Sai kuma korona. Kin tuna yadda aka kulle Kano a watan Afrilun 2020. Haka aka kulle wuraren motsa jiki a Turai da Amurka, mutane suka koma neman abin da za su yi a ɗaka. Kamfanin da ya fi cin wannan kasuwa shi ne Peloton, wanda aka kafa a New York a 2012. A lokacin keke yake sayarwa mai allo a gaba, a kan dala 2,245, sannan mai keken ya riƙa biyan dala 39 duk wata domin ya bi darasin mai horarwa ta intanet. Zuwa farkon 2021 darajar kamfanin ta doshi dala biliyan 50. Da aka buɗe gari, ciniki ya ja baya, a watan Fabrairun 2022 shugabansa John Foley ya sauka, aka sallami ma'aikata 2,800. Kamfanin tufafi na Lululemon ma ya sayi wani kamfanin madubin motsa jiki mai suna Mirror a kan dala miliyan 500 a 2020, bayan shekara uku ya daina sayar da madubin. A tsakanin nan Google ya saye Fitbit a kan dala biliyan 2.1. Abin da nake so ki ɗauka daga wannan labari shi ne, ribar manyan kamfanonin nan tana cikin kuɗin wata-wata da bayanan da suke tarawa a kan jikin mutane, kuma sun san da yawan masu saye zafin farko ne ke ɗibarsu. Saboda haka tallarsu take matsa wa mutum ya saya yau-yau.

Duk da haka kasuwar ba ta tashi a kan iska ba, akwai buƙata ta gaske a ƙarƙashinta, kuma mu ma tana damunmu. Iyayenmu mata ba su taɓa ware lokaci don motsa jiki ba, domin aikin gida ya riga ya ɗauke musu: sussuka, daka, niƙa a dutse, jan guga a rijiya, wanki a tsugune, zuwa unguwa a ƙasa. Yanzu injin niƙa ya karɓi daka, famfo ya karɓi guga, A Daidaita Sahu yana ɗaukar mutum daga ƙofar gida zuwa ƙofar gida. Sauƙi ne da ba wanda zai so a mayar da shi baya, amma jiki ya rasa aikin da ya saba, abinci kuma bai ragu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 kashi 31 cikin ɗari na manyan duniya, kimanin mutum biliyan 1.8, ba sa motsa jiki yadda ya kamata, kuma mata sun fi maza: kashi 34 a kan kashi 29. Ga macen da ba ta yawan fita, a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, motsa jiki a cikin gida shi ne abin da zai yiwu. Don haka ban raina tunanin yaranki ba ko kaɗan. Tsarin sayayyar kawai nake so a gyara.

Mu zo kan agogon. Ayyukansa ba ƙarfinsu ɗaya ba, wasu yana yi da kyau, wasu ƙiyasi ne, wasu kuma ƙarya ce tsagwaronta.

Ƙirga taku yana cikin abin da yake yi daidai gwargwado. Yakan ƙara miki idan kina motsa hannu a wurin tuƙa tuwo ko wanki, yakan rage idan tafiyar a hankali ce ƙwarai, amma in kina kwatanta yau da jiya ya wadatar. Abin da zan ja kunnenki a kai shi ne taku 10,000 da zai sa miki a matsayin abin da ake nema kullum. Wannan adadi daga talla ya fito: wani kamfanin Japan mai suna Yamasa ne ya sa wa na'urarsa ta ƙirga taku wannan lamba a 1965, jim kaɗan bayan wasannin Olamfik na Tokyo. Da masu bincike suka zo suka auna, sai suka ga amfanin yana farawa tun ƙasa da haka nesa. A 2019 Farfesa I-Min Lee ta Jami'ar Harvard ta bi diddigin tsofaffin mata fiye da 16,000, ta ga masu taku kimanin 4,400 a rana mace-mace ya yi ƙasa a cikinsu idan aka kwatanta da masu 2,700, amfanin kuma yana ta ƙaruwa har wajen 7,500. Wani babban nazari na 2022 da ya haɗa bincike 15 ya nuna cewa ga wanda ya kai shekara 60 amfanin yana daidaita tsakanin 6,000 da 8,000, ga na ƙasa da haka tsakanin 8,000 da 10,000. Ke da ciwon gwiwa, ki ɗaura agogon mako guda ba tare da kin canza komai ba, ki ga inda kike. In 2,500 ne, ki nufi 3,000, bayan mako biyu ki ƙara 500. Na sha ganin mai ciwon gwiwa ta ɗauki 10,000 tun ranar farko, gwiwa ta kumbura, ta bar abin gaba ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa.

Bugun zuciya ma yana auna shi da kyau. Koren hasken da kike gani a bayansa yana haska fata, jini yana shanye wani ɓangare na hasken, daga nan yake gane kowane bugu. A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada agoguna 7 a jikin mutum 60, shida daga ciki kuskurensu bai kai kashi 5 cikin ɗari ba. Sun lura kuskuren yana ɗan ƙaruwa ga mai duhun fata da mai nauyin jiki, ko da yake wani bincike na baya bai ga bambancin fata ba. Ki ɗaura shi ya kama hannu sosai, ɗan sama da ƙashin wuyan hannu. Ga kuma wani abu da mai shago ba zai gaya miki ba: in cikin magungunanki akwai atenolol ko bisoprolol ko danginsu, suna rage saurin zuciya da gangan. Agogo bai san kina shan su ba, zai riƙa ce miki ki ƙara ƙoƙari domin bugun bai kai ba. Kada ki bi shi. Ma'aunin da ya fi aminci shi ne numfashinki: in kina iya magana da na kusa da ke amma ba za ki iya rera karatu ba tare da yankewa ba, kina daidai. In maganar ma ta gagara, kin wuce gona da iri.

Wannan binciken na Stanford shi ne kuma ya tona asirin lambar kalori, wato ƙarfin abincin da agogo ke cewa kin ƙone. Wanda ya fi kowanne daidai ya kuskure da kashi 27 cikin ɗari, mafi muni da kashi 93. Illarsa ita ce mutum ya ga an rubuta ya ƙone 400, ya ce ai ya samu damar ƙarin lemon kwalba. A Jami'ar Pittsburgh an yi gwaji na shekara 2 a kan mutum 471 masu son rage ƙiba, aka buga sakamakon a 2016: waɗanda aka ba na'urar ɗaurawa sun rage kilo 3.5, waɗanda ba a ba su ba sun rage kilo 5.9. Ba ina cewa na'urar ce ta hana su ramewa ba, amma dai a fili yake ɗaura ta kaɗai ba ya rage nauyi.

Manyan agoguna masu tsada suna iya faɗakar da mutum game da wani irin rikicewar bugun zuciya da ke haddasa shanyewar ɓarin jiki. Apple da Stanford sun gwada wannan a kan mutum sama da 419,000, sakamakon ya fito a 2019. Kimanin rabin kashi ɗaya cikin ɗari ne suka samu faɗakarwa, kuma a cikin waɗanda aka sake aunawa da na'urar asibiti, kusan ɗaya cikin uku aka tabbatar da matsalar. Abu ne mai amfani, sai dai faɗakarwa ce ta a je a ga likita, kuma ba na ganin ita kaɗai ta isa a kashe dubban ɗaruruwan naira.

Inda na fi jin tsoro shi ne agogunan da ke cewa suna auna hawan jini da suga. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fito ƙarara ta ce ba ta amince da kowane agogo ko zobe da ke iƙirarin auna suga ba tare da huda fata ba, ta kuma gargaɗi mutane su guje su. Na awon jini kuwa, hatta na Samsung sai an daidaita shi da na'urar damtse duk bayan mako 4. Masu arhar nan da yawa lamba kawai suke nunawa wadda ke yawo kusa da 120 bisa 80 ko wane ne ya ɗaura. Ki ɗora shi a kan abin da ba mutum ba ki danna, in ya ba da lamba kin san abin da kika saya. Mai hawan jini da ya gaskata irin wannan agogo ya ajiye maganinsa, mu yake zuwa wa daga baya a kan keken marasa lafiya. Haka na'urar nan da ake yawo da ita ana ba mutum wani ƙarfe ya riƙe, kwamfuta ta lissafo masa cututtukan hanta da ƙoda cikin minti biyu, sannan a sayar masa da magani a wurin: ba ta da wani tushe a ilimin likitanci.

Ɗan abin matse yatsa mai auna iskar jini, wanda ya yi suna lokacin korona, shi ma yana da rauni a fatarmu. Binciken Jami'ar Michigan na Disambar 2020 ya gano cewa yana kasa nuna ƙarancin iska ga baƙaƙen fata kusan ninki uku fiye da fararen fata. Baƙin lalle da jan farce ma suna rikita shi. Ba kya buƙatarsa yanzu.

Na'urar awon jini ta damtse ita ce na sa a gaba, domin a duk kayan nan ita ce wadda lambarta za ta iya sa likita ya canza miki magani. Awon asibiti sau ɗaya a wata, bayan kin sha layi da zafi da fargaba, ba ya nuna yadda jininki yake a gida. A sayi ta damtse, a bar ta wuyan hannu. A kula da girman ɗaurin, wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa ga masu jiki: a wani gwaji na Jami'ar Johns Hopkins a 2023, da aka sa wa masu kaurin damtse ƙwarai ɗauri na kowa-da-kowa, lambar sama ta awon jinin ta ƙaru da kusan 20 a banza. A auna zagayen damtsenki da tef ɗin tela kafin a je kemis, a duba abin da aka rubuta a jikin kwalin. Lokacin awo ki zauna a kujera mai jingina, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan teburi daidai ƙirji, ki huta minti 5 ba magana. Rabin awa kafin nan ban da shayi mai ƙarfi, ban da kofi, ban da goro, domin goro ma yana ɗauke da sinadarin da ke cikin kofi. Ki auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, da safe kafin magani da kuma dare, na tsawon mako guda, ki rubuta a littafi. A awon gida, matsakaicin da ya kai 135 bisa 85 ya hau. Ki tafi da na'urar da littafin ranar ganin likita, a gwada ta da ta asibiti.

Shi kansa motsa jikin da duk kayan nan ke yi wa hidima, ƙa'idarsa a bayyane take. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2020 ta ce minti 150 zuwa 300 a mako na matsakaicin motsi, da ƙarfafa tsoka kwana 2 a mako. Minti 30 ke nan sau biyar, kuma ana iya rarraba shi goma-goma. Ga mai hawan jini wannan yakan sauke lambar sama da 5 zuwa 8. Ga wadda suganta ya fara hawa kamar ke, labarin ya fi haka daɗi. A wani babban gwaji a Amurka da aka buga a 2002, an ɗauki mutum 3,234 masu irin matsayinki. Waɗanda suka yi tafiyar minti 150 a mako tare da ƙoƙarin rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, haɗarin kamuwa da ciwon suga ya ragu musu da kashi 58. Waɗanda aka ba maganin suga na metformin ya ragu musu da kashi 31. Tafiya ce da gyaran abinci, ba wani inji mai allo. Gwiwa ma tana amfana, domin kowane kilo ɗaya da kika rage yana sauke mata kimanin kilo 4 na nauyi a kowane taku.

Duk wannan ana iya fara shi a tsakar gida. Ki zagaya minti 10 bayan kowane cin abinci, wannan yana taimaka wa suga musamman. Ki zauna a kujera mai ƙwari ki miƙe ba tare da dafa hannu ba, sau 8 zuwa 10, ki huta, ki maimaita. Tsokar cinya ita ce ke tallafe gwiwa, kuma wannan ne abin da muke fara koya wa masu ciwonta. Robar motsa jiki da ake sayarwa a shagunan kayan wasanni ta ishi hannu da kafaɗa. Kada ki riƙe numfashi lokacin yunƙuri, yana ɗaga jini. In akwai maƙwabciya ko ƙanwa ko jika da za ku riƙa yi tare a lokaci ɗaya kullum, ya fi kowace manhaja riƙe mutum. Kamfanin Peloton ma abin da yake sayarwa da tsada ke nan, jin cewa akwai masu jiranka.

Game da injin gudu, ban ce ba ya aiki ba. Tafiya a kansa tafiya ce, zuciya ba ta bambancewa. Matsalolinsa a gidajenmu ne suke da yawa. Yana jan wuta daga wat ɗari shida zuwa sama da dubu, ya fi haka a lokacin tashi, ƙaramin janaretan fanka da fitila ba zai ɗauke shi ba. Hawa da saukar wuta yana ƙona allon da ke sarrafa shi, dole sai da sitabilaiza, kuma samun kayan gyaransa aiki ne. In aka ɗauke wuta kina kai, bel ɗin yakan tsaya cikin sauri, mai ciwon gwiwa kuma ba ta da saurin tare faɗuwa. Ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashin bel, sai ana sharewa ana sa masa man silikon. Waɗannan siraran da ake naɗewa a tura ƙarƙashin gado, da yawansu ba su da madafi, ban yarda miki da su ba.

Babban abin da ke damuna shi ne yara. A watan Mayun 2021 Peloton ya janye injinansa na gudu kimanin 125,000 daga kasuwa bayan ɗaya ya ja wani yaro ɗan shekara 6 ƙarƙashinsa ya rasu, ga rahotanni sama da 70 na wasu haɗurran. Daga baya hukumar kare masu sayayya ta Amurka ta ci kamfanin tarar dala miliyan 19. Ko injin da bai kai wannan girma ba, bel mai gudu yana saɓule fatar hannun yaro cikin daƙiƙa. Gidan Bahaushe ba ya rabuwa da jikoki da 'ya'yan maƙwabta. In an saya, sai a ɗakin da ake kullewa, a cire makullin tsaron a ɓoye, a zare shi daga soket.

Keken girke ya tsira daga yawancin waɗannan. Mai birkin maganaɗisu ba ya buƙatar wutar lantarki sai ɗan batirin allo, nauyinki yana kan sirdi ba kan gwiwa ba, kuma faɗuwa daga kansa da wuya. Akwai mai kujera da jingina, wanda ƙafafu ke miƙewa gaba, shi ya fi dacewa da mai nauyi da ciwon baya. A daidaita kujerar yadda gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan idan feda ya kai nesa. Siket ko zani mai faɗi yana iya shiga feda, ki sa wando.

Bel ɗin da ke girgiza ciki ko yake tsikarar tsoka da lantarki wai don narkar da teɓa, a bar shi a shago. Tun a 2002 hukumar kasuwanci ta Amurka ta gurfanar da masu sayar da irinsa saboda tallar ƙarya. Jiki ba ya zaɓar wurin da zai narkar da kitse don an girgiza wurin, ɗamarar da ke sa gumi kuma ruwa kawai take fitarwa.

Wata 'yar magana ga yaran da za su haɗa miki agogon da waya: su kashe nuna wurin da kike. A Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya ya gano cewa taswirar Strava, manhajar masu motsa jiki, tana nuna sansanonin soja a Siriya da Afganistan, saboda sojojin suna gudu da agogunansu. Abin da ya fallasa sansanin soja ba zai rufa wa gida asiri ba.

In azumi ya zo, ki mayar da motsin bayan buɗa-baki da awa ɗaya ko biyu, ko bayan asham, ki sha ruwa sosai. In nan gaba aka sa ki a kan insulin ko glibenclamide, ki tambayi likita yadda za ki haɗa su da motsa jiki, domin suna iya sauke suga fiye da kima. Ranar da awo ya nuna 180 bisa 110 ko sama, kada ki fara, ki nemi likita. Ciwon ƙirji, jiri, numfashin da ya fi ƙarfin aikin da kike yi, karkacewar baki, nauyin harshe ko mutuwar hannu, kowanne ya zo ki tsaya a kai ki asibiti a take, ko me agogo yake nunawa. Kafin ma ki fara, ki gaya wa likitan da ke duba ki abin da kike shirin yi.

In wata ukun sun cika, littafinki ya nuna kina yi kwana huɗu ko biyar a mako, yara su sayi injin da zuciya ɗaya. Na gwanjo sun yi yawa a kasuwa, kuma ana dacewa da mai kyau. Kada su biya sai an kunna a gabansu, wani mai nauyi kamar naki ya hau minti 15, su saurari ƙara, su shinshina ko akwai ƙaurin waya. Su duba iyakar nauyin da aka rubuta a jikinsa, ya zarce naki da aƙalla kilo 15, su kuma tambayi mai sayarwa wa ke gyara irinsa a Kano, su karɓi lambarsa kafin a ɗora injin a mota.